Wane Gari Za Ka Sauka?

Ɗan'uwana, an gama girbi. Ka ɗaure dammunanka, ka ƙidaya su, ka zuba a rumbu. Ka san yawan bakunan da ke cikin gidanka, ka kuma san watan da rumbun nan zai nuna gindinsa. Ba ka faɗa wa kowa ba tukuna, amma zuciyarka ta riga ta tashi. Da dare kana kwance, idonka biyu, kana lissafin kuɗin mota.

Ba kai kaɗai ba ne. Kowace shekara in kaka ta wuce, ƙauyuka da yawa na Adar da na ƙasar Ƙonni sukan koma na mata da tsofaffi da yara. Ma'aikatar siminti ta Malbaza ba ta iya ɗaukar kowa. Ba kowa ne kuma yake da fadama a Magiya ko garkar albasa a Galmi ba. Je ka tashar Birnin Ƙonni da sassafe ka gani. Hanya ta rabu a gabanka. Ta kudu tana ƙetare iyaka zuwa Illela ta Nijeriya, ta kai Sakkwato, daga can sai Kano ko Ikko. Ta yamma tana bi ta Dogon Dutsi da Dosso zuwa Yamai, daga can sai ƙasashen bakin teku, Gana da Togo da Kwaddebuwa. In kuwa ka je Tsarnawa ka yi arewa, ka wuce Badagishiri da Tawa, ka kama hanyar Agadas ke nan. Bayanta sai hamada, sai Libiya da Aljeriya.

Tambayi saurayin da ke zaune bisa buhunan albasa, ka ce, "Ina za ka?" Nan take zai faɗa maka sunan gari. Ƙara tambayarsa, "Don me can?" A nan amsa takan gajarta. Zai ce, "An ce akwai kuɗi." A kan wannan gajeriyar amsa nake so mu zauna mu yi magana, ni da kai, kafin ka biya kuɗin mota.

Da fari bari in kawar da wani abu daga hanya. Tafiya bida ba zunubi ba ce. Kada wani ya sa ka ji kunya domin ka bar gida neman abin da za ka ciyad da iyalinka. Ibrahim ya bar ƙasarsa da danginsa. Yakubu ya kwashe dukan gidansa zuwa Masar sa'ad da yunwa ta tsananta. Kakanninmu fatake sun bi hanyar Gwanja da jakuna, suna kai kanwa su komo da goro, har wasu suka zauna can suka kafa zango. Shi ya sa yau in ka sauka Kumasi za ka ji Hausa a kasuwa kamar kana Ƙonni. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Mutumin da ya zauna gindin bishiya yana kallon 'ya'yansa suna ramewa, yana cewa wai dogara ga Allah yake yi, ni ban ga abin yabo gare shi ba.

Maganar ita ce, ina za ka sauka, da kuma yadda ka zaɓi wurin.

Duba yadda labarin garuruwa yake iso mana. Wani ya yi shekara uku a waje, ya komo da babur da babbar wayar salula, ya rufa ɗakinsa da kwano. A zamanin iyayenmu rediyo ne da keke da akwatin ƙarfe. Da maraice samari suna kewaye shi, yana ba su labari. Ba ƙarya yake yi ba. Amma su nawa suka tafi tare da shi? Wanda aka kwashe wa kaya a hanya, da wanda ya yi wata biyar kwance da ciwo, da wanda kunya ta hana shi komowa hannu wofi, waɗannan ba su zama a dandali su ba da labari. Wanda ya mutu kuwa ba ya magana. Ashe labarin da kake ji, rabin labari ne, rabin mai daɗin. A kan rabin labari kake shirin ɗora ranka da gidanka.

Akwai wani mutum cikin Littafi Mai Tsarki da ya tsaya a mararraba irin taka. In kana da Littafin a ɗaka, buɗe Farawa sura 13 ka karanta. Garken Ibrahim da na Lutu ɗan ɗan'uwansa sun yi yawa, ƙasa ta yi musu kaɗan, makiyayansu suka fara faɗa. Ibrahim, ko da yake shi ne babba, ya bar wa Lutu zaɓi. Lutu ya duba, ya hangi kwarin Urdun kore shar, ruwa ko'ina, ya zaɓi can.

Kada mu yi saurin zagin Lutu. Makiyayi ne, dabbobi kuwa ruwa suke sha. Duk wanda ya taɓa saukowa daga fako cikin watan Maris, rana tana dukan ƙeyarsa, ya hangi koren albasa cikin kwarin Magiya, ya san abin da idon Lutu ya gani. Ni da kai, da muna wurin, watakila can za mu nuna. Bitrus ma cikin wasiƙarsa ta biyu ya lasafta Lutu cikin masu adalci. Laifinsa ɗaya ne: tambaya guda kaɗai ya yi wa wurin. Ya tambaya ko akwai ciyawa. Bai tambaya ko su wane ne mutanen garin ba, alhali kuwa an san halin mutanen Saduma.

Bi sawunsa ka gani. A sura 13 alfarwarsa tana kusa da Saduma, bai shiga ba tukuna. A sura 14 yana zaune cikin garin, har yaƙin da ba nasa ba ya ci shi, aka kama shi da dukiyarsa, sai da Ibrahim ya bi sawu ya ƙwato shi. A sura 19 yana zaune a ƙofar gari kamar ɗan ƙasa, 'ya'yansa mata suna tashi da samarin garin. Babu ranar da Lutu ya tashi da safe ya ce, yau zan zama mutumin Saduma. Sannu sannu abin ya tafi, kamar yadda gara take cin azara. Mutumin da ƙasa ta yi wa kaɗan saboda yawan dabbobi, ya ƙare cikin kogon dutse, ba mata, ba garke.

To, bari mu sauko kan maganar kuɗi, gama ba zan yi kamar ba su ne suka tashe ka ba. Ko a kan kuɗin ma, yawancinmu ba mu yin lissafi har ƙarshe. Ana faɗa maka abin da lebura yake samu a yini. An faɗa maka kuɗin ɗaki? A birni ruwa saye ne, itace saye ne, har wurin kewayawa wani lokaci biya ake yi. Sa'an nan ga canji. A 1980 naira guda ta fi dalar Amurka daraja, kowa yana rububin aikin Nijeriya. A ƙarshen 2024 kuwa jikka guda ta sefa tana ba da naira fiye da dubu biyu. Mutum ya yi wata shida yana turin kura a Kano, ya zo bakin iyaka da damin takardu, ya canja, sai ya ga abin bai kai buhun hatsi nawa ba. Kwaddebuwa da Togo da Binin sefa ɗaya suke ci da mu, can babu asarar canji, amma hanya doguwa ce, kuɗin zuwa da komowa ya isa ya cinye guzurin wata guda. Abin da za ka tambaya shi ne nawa yake isowa hannun matarka bayan an cire kome.

Ka kuma tuna, garin da ke karɓar baƙi bana yana iya korarsu baɗi. Tsofaffinmu sun gani da idonsu. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fita, har da waɗanda aka haifa a zango. A Janairu 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, Nijeriya ta yi irin wannan, mutum wajen miliyan biyu suka fita, mutanen Gana ne suka fi yawa, amma da namu a ciki. A 2002, da kuma 2010 zuwa 2011, rikicin Kwaddebuwa ya faɗa kan baƙin da suka zo daga ƙasashen arewa. A 2011 da mulkin Gaddafi ya faɗi, 'yan'uwanmu dubbai suka komo ta Dirku da Agadas, da yawa sun bar albashinsu da ajiyarsu a baya. Tun Disamba 2014 Aljeriya take kwaso mutane cikin motoci zuwa bakin iyaka wajen Asamaka. Ba sai an kori mutum daga ƙasa ba ma. A Yuli 2021 aka tashi 'yan albasa daga tsohuwar kasuwarsu a tsakiyar Ankara aka kai su bayan gari. A Yuni 2022 gwamnatin Ikko ta hana kabu-kabu a manyan sassa shida na birnin, samarin da abin hannunsu duka babur ne suka wayi gari ba sana'a.

Ban kawo waɗannan don in tsorata ka ba. Cikin Ayyukan Manzanni sura 18 akwai wani mutum Akila da matarsa Bilkisu. Su ma an kore su, gama sarki Kalaudiyas ya umarta Yahudawa duka su bar Roma. Suka sauka Koranti. Gida ya tafi, masu sayen kayansu sun tafi, amma akwai abin da ba a iya ƙwace musu ba. Suna da sana'ar ɗinkin alfarwa a hannu, suna da bangaskiya a zuciya, suna kuma tare da juna. Da waɗannan suka sake kafuwa, har Bulus ya sauka gidansu yana aiki tare da su. Saboda haka in kana auna gari biyu, ɗaya ana samun kuɗi da sauri a dako, ɗaya kuɗin kaɗan ne amma za ka koyi gini ko walda ko gyaran famfon ban ruwa, yi tunani sosai. Ranar kora, sana'a kaɗai ce ba a tsare ta a shingen duwan. Takardunka ma ka gyara su kafin ka tashi, takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa. Tun 29 ga Janairu 2025 ƙasarmu ba ta cikin ƙungiyar CEDEAO, saboda haka kada ka dogara ga yadda wanka ya ƙetare iyaka shekara goma da suka wuce. Tambayi wanda ya ƙetare kwanan nan.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna.

Kana tsammani gari za ka zaɓa. A gaskiya mutane za ka zaɓa. Babu wanda yake zama cikin Abijan dukanta. Za ka zauna a ɗaki guda, da mutum shida ko takwas, a Ajame ko Abobo. Babu mai zama cikin Ikko dukanta. Za ka kwana a wata rumfa a Agege ko kasuwar Mil 12. Waɗanda za ka ci tuwo akushi ɗaya da su, waɗanda za ka ji hirarsu kowane dare har barci ya ɗauke ka, su ne garinka. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

A ƙauye akwai shinge kewaye da kai wanda ba ka ganinsa. Kowa ya san ubanka. In aka gan ka a inda bai kamata ba, kafin ka iso gida labari ya riga ka. Wani lokaci abin yana ba ka haushi, amma shi ne ya tsare ka shekara da shekaru, kai kuwa kana tsammani ƙarfin halinka ne. Ranar da ka sauka inda ba wanda ya san sunan gidanku, shingen ya faɗi. Sa'an nan ne za ka san ko kai wane ne. Abokin aiki zai miƙo maka ƙwayar tiramol, ya ce ita ce ke sa a yi dako ba gajiya. Da gaske kuwa ranar farko ba za ka gaji ba. Ga caca a bakin tasha. Ga matan da ke jiran ranar biyan albashi. Mata nawa ne a ƙauyukanmu, waɗanda ba su taɓa wuce kasuwar Badagishiri ba, aka kawo musu ciwon sida har cikin ɗakinsu tare da turmin atamfa? Ba na jin daɗin rubuta wannan, amma kai ka san ba ƙirƙira na yi ba.

Kada ka fahimce ni a karkace. Ban ce ka guji garin da Musulmi suke ba. Ai a gida ma tare muke, uwa ɗaya uba ɗaya da wasunsu, rijiya ɗaya, gaisuwar mutuwa ɗaya. Maigidan zango, wanda yake saukar da baƙi, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu in an kama su, sau da yawa dattijo ne Musulmi mai amana, yana kuwa iya riƙe ka kamar ɗansa domin ya san kakanka. Ka gode wa Allah in ka sami irinsa, ka kuma riƙe amanarsa. Abin tsoro shi ne ka zama ba kowa ba. Ka ɓoye ko kai wane ne a mako na fari don kada a yi maka tambaya, ka yi aiki ran Lahadi ta fari domin kai baƙo ne, ta biyu domin ana bukatar kuɗi, ta goma kuwa ba ka ma tuna Lahadi ce ba. Garwashin da aka janye daga murhu ba ya mutuwa nan take. Yakan yi ja na ɗan lokaci.

Don haka cikin tambayoyin da za ka yi wa gari, sa wannan kusa da ta kuɗi: akwai taron masu bi da zan ji harshensu? A Sakkwato da Kano da Kaduna da Jos, har Ikko, akwai majami'un da ake sujada da Hausa. Ekklesiyar ECWA ta Nijeriya da EERN ta Nijar duka daga aikin mishan ɗaya suka fito, wato SIM, wadda ta buɗe asibitin Galmi a 1950. In ka shiga can, Littafin da ake karantawa shi ne na ɗakinka. A Abijan da Ankara majami'u suna da yawa, amma a yawancinsu da Faransanci ko Turanci ko harshen ƙasa ake wa'azi. Mutumin da bai yi lakkwal ba yakan zauna a benci na baya Lahadi biyu ko uku, ba ya jin kome, ba mai gaishe shi, sai ya daina zuwa. A Libiya kuwa majami'u kaɗan ne ƙwarai, yawancinsu a manyan biranen bakin teku suke, mai aikin gona ko gini a wajen Sabha yana iya shekara bai ji an buɗe Littafi ba. Ban ce duk wanda ya je can ya ɓace ba. Na ce ka san abin da kake saye, da abin da kake biya.

Masu bi na fari suna da wata al'ada mai kyau wadda muka yar. Sa'ad da Afolos zai tashi daga Afisa zuwa Akaya, 'yan'uwa suka rubuta wa masu bi na can takarda su karɓe shi. Bulus ma ya yi wa Fibi haka da za ta Roma. Me zai hana fasto da dattawa su rubuta maka 'yar takarda, da sunanka da na ƙauyenku, ka kai wa ekklesiyar inda za ka? Baƙo ko da ido makaho ne. Takardar nan sanda ce. Ku dattawa kuma, ina roƙonku, kada saurayi ya bar garinku ku ji labari a bakin mata bayan kwana uku.

Akwai kuma wadda ba a cika tambayarta ba. Ke 'yar'uwa, matar gida, da ke nake yanzu. Ke za ki zauna da yara da tsohuwa da awaki. In ruwan shuka ya sauka bai komo ba, ke za ki ɗauki sungumi. In yaro ya yi zazzaɓi da tsakar dare, ke za ki nemi amalanke zuwa likita. Tun da nauyin tafiyar nan rabinsa a kanki yake, kina da baki a cikin zaɓin garin. Faɗi abin da ke ranki da ladabi, amma ki faɗa. Kai kuma maigida, in ka yanke shawara da abokanka a dandali, matarka ta ji a bakin ƙanenka, ka ci amanar wadda kuka tsaya tare gaban Allah da jama'a. Ba ragwanci ba ne namiji ya zauna da matarsa su auna Sakkwato da Abijan.

Dubi Yusufu mijin Maryamu, cikin Matiyu sura 2. Ya gudu da iyalinsa zuwa Masar, baƙo a ƙasar wasu. Da Hirudus ya mutu ya komo, sai ya ji labari Arkilayus ɗan Hirudus ne yake mulkin Yahudiya. Ya ji tsoro, Allah kuma ya gargaɗe shi cikin mafarki, ya ratse zuwa Galili ya zauna Nazarat. Ga kafinta, Urushalima da kewayenta sun fi ciniki. Nazarat ƙaramin gari ne wanda ake yi wa ba'a. Amma Yusufu ya auna gari da lafiyar yaron da aka ba shi amana. Ka lura kuma, ya kasa kunne ga labarin ƙasa, ya san wanda yake sarauta. Sauraron rediyo da tambayar halin hanya ba rashin bangaskiya ba ne.

Gari na kusa yana da amfaninsa. Daga Ƙonni zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne, in an aiko maka tsohonka ba lafiya, ka kwana gida. Amma kusa ma ba tabbas ba ne. An rufe iyakar nan a 1984, lokacin yunwar da mutanenmu suka sa wa suna El Buhari, sai 1986 aka buɗe. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka kuma rufe bayan juyin mulkin Yuli 2023 har Maris 2024. 'Yan bindiga kuma sun addabi ƙauyuka da hanyoyi da dama na jihar Sakkwato cikin shekarun nan. In kuwa nufinka ka kwashe iyali ku zauna can ɗungum, sai ka ƙara wata tambaya. Wane harshe 'ya'yanka za su yi karatu da shi? Yaron da ya yi aji huɗu da Faransanci, in aka kai shi makarantar Turanci, baya zai koma. Yaron da ya girma a Kumasi, watakila ran da ka kawo shi ganin kakarsa, baƙo zai zama a gidan ubansa.

Na san abin da wani zai ce. "Malam, kai kana da abinci shi ya sa kake wannan dogon lissafi. Mai jin yunwa ba ya zaɓe. Inda wana yake, can za ni, gama can ne kaɗai zan sami tabarma." Gaskiyarka, ɗan'uwa, ba ni da bakin musu. Talaka ba ya baza taswirar duniya ya nuna da yatsa. Amma ko cikin ƙuncin nan akwai sauran zaɓi a hannunka. Kana iya ƙin jinginar da gonar gado don kuɗin ƙetare hamada. A Oktoba 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga wajen Kance, motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Su ma an ce musu akwai samu a can. In kuma ka san wan naka da kake shirin sauka wurinsa ya shekara huɗu bai aiko wa matarsa ko dala ba, ka riga ka san irin tabarmar da zai shimfiɗa maka. Cikin gari ɗaya akwai unguwa da unguwa, akwai ɗaki da ɗaki.

Wani kuma zai ce, "Ai Allah yana ko'ina. Bai tsare Daniyel a Babila ba? Bai tsare Yusufu ɗan Yakubu a Masar ba?" Ya tsare su ƙwarai. Amma Daniyel kama shi aka yi, Yusufu kuwa sayar da shi aka yi. Ba su zauna suka auna albashi suka zaɓi Babila ko gidan Fotifar ba. In tilas ta jefa ka wuri mai wuya, Ubangiji yana da iko ya riƙe ka, ya mai da kai haske a can. Irmiya ma ya rubuta wa kamammun Babila su gina gidaje, su yi shuka, su nemi alherin garin da suke, su yi masa addu'a. Wannan dabam yake da mutumin da ya ga rami da idonsa ya ce bari in faɗa in ga ko za a fisshe ni. Yakubu, cikin sura 4 ta wasiƙarsa, ya tsauta wa 'yan kasuwar da suka tsara garin da za su, da shekarar da za su yi, da ribar da za su ci, ba su bar wa Allah wuri cikin shirin ba. Mu kam ba mu rasa cewa "in Allah ya yarda". Sai dai sau da yawa bayan mun riga mun sayi tikiti muke faɗinsa.

To, ga abin da zan roƙe ka. Kada ka tashi cikin makon nan. Nemi mutumin da ya komo daga garin da kake so, amma ba a dandali ba. Same shi shi kaɗai bayan cin tuwon dare, inda ba samarin da zai yi wa burga. Tambaye shi su nawa suke kwana a ɗaki, wa ya yi jinyarsa ran da ya kwanta, ina yake zuwa ran Lahadi, nawa ya aiko gida cikin watan da ya fi wuya. Tambaye shi labarin waɗanda suka tafi tare, ɗaya ɗaya da sunayensu. In akwai wanda ya komo hannu wofi, je ka gaishe shi shi ma, gama ba mai zuwa wurinsa, kuma shi ne yake riƙe da ɗaya rabin labarin.

Sa'an nan ku zauna kai da matarka ku yi addu'a, ku je wurin dattawa ku karɓi takarda. Ku yanke watan komowa tun yanzu, a gaban shaidu, ko kafin ruwan shuka ne ko bayan shekara. Sunan unguwar da za ka sauka, da sunan maigidanka, da lambar wani mai bi na can, a rubuta su a takarda, gama waya tana faɗawa rijiya, ana kuma sace ta. Matarka ta sa takardar cikin Littafin da za ka bar mata, ɗaya kofin kuma a ba fasto ya ajiye.